Ƙullutun Harshe Mai Kama Da Sankara

Sanin kowa ne baki yakan fitar da ƙuraje da kumburi iri-iri, yawancinsu su warke cikin mako biyu. Amma akwai ƙarin da likitan haƙori kan yi shekaru yana aiki bai gamu da irinsa ba, kuma ido kaɗai, ko na ƙwararre ne, ba ya iya faɗin ko mene ne.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda wani masani mutumin Rasha, Abrikosof, ya bayyana cikin 1926. Yakan fito a sassan jiki dabam-dabam, amma ya fi son harshe. Ƙullutu ne mai tauri, galibi kamar ƙwayar gujiya, ba ya zafi, ba ya saurin girma. Shi Abrikosof ya zaci daga tsoka yake tasowa, sai binciken baya ya nuna asalinsa daga rigar da ke lulluɓe da jijiya ne. Da wuya ƙwarai ya yaɗu; in an cire shi duka, magana ta ƙare.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fatar da ke bisa wannan ƙari takan yi kauri, ta riƙa tura saiwoyi cikin nama, har ta yi kama da sankarar baki sak a ƙarƙashin madubin likita. Idan wanda ya yanko ɗan nama domin gwaji ya ɗebo sama-sama ne, bai taɓo ƙarin ba, mai dubawa zai iya cewa sankara ce. Kuskuren nan kuwa ba ƙarami ba ne, domin maganin sankara yakan kai ga yanke babban yanki na harshe, watau mutum ya yi asarar daɗin magana da haɗiya a kan abin da ƙaramin aiki zai kawar. Saboda haka ƙa'ida ita ce a yanko da zurfi, a jefa naman nan take cikin ruwan fomalin, a aika da shi ɗakin gwaji tare da bayanin girman ƙullutun da daɗewarsa. Can akan shafa masa wani rini mai neman sinadarin S-100, wanda ƙwayoyin wannan ƙari ke ɗauke da shi. Ƙullutun da aka kai wa wanzami ya yanke ya yar, ya tafi ke nan da amsarsa.

Yana da wani mai kama da shi a wajen jarirai, wanda Bajamushe Noiman ya bayyana cikin 1871. Da shi ake haihuwar jariri, yana reto a dasashi, galibi na sama, kuma 'ya'ya mata ya fi samu nesa ba kusa ba. A madubi kamar an tsaga kara, sai dai shi rinin nan ba ya kama shi. Yakan tsorata iyaye, in ya yi girma ya hana kama nono, amma da an cire shi ba ya dawowa.