Aboki, Inyamuri da Sauran Sunayen da Ba a Yanka wa Rago Ba

Duk ɗan Arewan da ya zauna a Fatakwal, ko Anaca, ko Inugu, ya san yana da wani suna bayan wanda liman ya raɗa masa. Mai gyaran takalmin da ke zagaya unguwar Diobu a Fatakwal da akwatinsa aboki ne. Mai tsire a bakin Titin Owerri a Inugu aboki ne. Haka mai gadi, da ɗan canji, da dillalin shanu a Gariki, da alhajin da ke sauke tirelar albasa a Anaca, wanda jarinsa ya isa ya saye shagon mai kiran nasa. Ba a tambayar ƙabila. Babarbare da Bazabarmen Nijar da Kiristan Filato, muddin daga sama suka gangaro, sunan ɗaya ne.

Kalmar tamu ce, kuma ba ta da aibi a gida. Fataken farko da suka sauka Kudu su ne suka riƙa kiran masu ciniki da ita don neman kusanci, sai mutanen gari suka maida musu. A bakin mutane da yawa har gobe kira ne kawai, kamar yadda muke ce wa baƙo malam. Amma kowa ya san tana da wata fuska. Idan matashi a Fatakwal ya ga ɗan'uwansa ya yi wauta, ko an cuce shi a ciniki, sai ya ce masa ya zama aboki. A nan ma'anar ita ce baƙauye, marar boko, wanda kansa bai waye ba. Shi ya sa ɗalibin jami'a ɗan Katsina da aka turo hidimar ƙasa Inugu yake jin kalmar a ƙirjinsa, alhali mai shayin da ya shekara talatin a garin yakan amsa da murmushi ya miƙa kofi. A 2012 mawaƙin nan ɗan Jos, Ice Prince, ya fitar da waƙa mai wannan suna don ya juya kalmar ta zama abin alfahari. Waƙar ta yi tashe, raini kuma bai gushe ba.

Abin da ke ƙona rai shi ne sunan yana shafe tarihi. Hausawa ba jiya suka zo waɗannan garuruwa ba. Maharban giwa daga Arewa sun kafa zango a Elele, kusa da Fatakwal, tun kafin Turawa su gina birnin da suka sa wa sunan sakataren mulkin mallakarsu, Lewis Harcourt, a 1913. Da layin dogo ya haɗa Fatakwal da ma'adinin kwal na Inugu a 1916, sannan daga baya ya zarce Arewa, sai fatauci ya ƙara buɗewa. A Anaca, sunayen tituna kaɗai sun isa shaida: Titin Bida inda babban masallaci yake, da Titin Sakkwato. A Inugu kuwa, magajin garin farko da aka zaɓa a shekarun 1950 Bafulatani ne daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ɗan jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe. Jikokin irin waɗannan mutane suna jin Igbo kamar ruwa, wasu iyayensu mata ma 'yan gari ne, amma a tashar mota sunansu aboki.

To sai dai wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya dawo masauki da yamma yana ƙorafin an ce masa aboki, shi ne kuma zai buɗe baki ya ce yau Inyamurai sun hana shi sakat. An ce kalmar ta samo asali ne daga yadda kunnen Bahaushe ya ji Igbo yana cewa a ba shi ruwa. Ta girmi yaƙin basasa, kuma yawancin masu faɗarta ba su san suna zagi ba, don ba su san wani suna ba. Amma a Gabas labarin da ke yawo daban ne. Matasa da yawa sun tashi da jin cewa an samo ta ne daga roƙon ruwan da mutanensu suka yi suna mutuwa a kashe-kashen 1966. Ko da tarihin kalmar bai tsaya a nan ba, abin da suke ji ke nan idan an furta ta. Gidajen rediyo da jaridun Hausa da yawa sun koma cewa 'yan ƙabilar Igbo, kuma ban ga abin da Hausa ta rasa ba saboda hakan.

Wasu za su ce ai wasa ne, kuma mu mutane ne masu barkwanci. Gaskiya ne, amma barkwanci yana da ƙa'ida. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, kowanne ya san yana da izinin tsokanar ɗan'uwansa, ya kuma san za a rama. Tsakanin Bahaushe da Igbo ba a taɓa ƙulla irin wannan taubasantaka ba. Abin da ke tsakaninsu ciniki ne mai tsawo da kuma kaburbura. Mazauna Titin Bida ba su manta watan Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka rama kisan da aka yi a Maiduguri a kansu. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin Sallah aka kashe su a Uromi, bayan an yi musu laƙabin masu garkuwa da mutane. Inda laƙabi ke iya yanke wa mutum hukunci kafin a tambaye shi sunansa, kalma ba abin wasa ba ce.

Ba a Gabas kaɗai muke da wannan bashi ba. Maƙwabtanmu na Arewa sun daɗe suna karɓe sunayensu daga bakinmu. Tibi sun ƙi Munci. Waɗanda muke ce wa Kaje sun ce su Bajju ne, Katab sun ce Atyap, Jaba sun ce Ham, Gwari sun ce Gbagyi, Kadara sun ce Adara, Yargam sun ce Tarok. Da yawan tsofaffin sunayen ta bakin tafintocin Hausa suka shiga takardun Turawan mulki, suka zama na hukuma. Mu kanmu ba ma son a ce mana Haɓe. A Fatakwal rigimar ta kai har allon titi: mutanen Ikwerre suna rubuta Rumuokoro da Rumuola, suna cewa haka sunayen suke tun asali, Igbo da yawa kuma suna cewa bayan yaƙi ne aka sauya su don a nesanta gari da Igbo. Baƙo mai hankali yakan kira unguwa yadda mai unguwa ya kira ta, ya bar musu gardamar.

A Amurka da Ingila an yi shekaru ana ja-in-ja a kan wannan ladabin lafazi. Baƙaƙen Amurka sun sauya sunan da suke so a kira su da shi fiye da sau ɗaya a ƙarni na 20, har Jesse Jackson ya jagoranci kira a 1988 a riƙa danganta su da Afirka. Ƙungiyar ƙwallon birnin Washington ta yar da sunanta a 2020 saboda 'yan asalin ƙasar sun ce zagi ne. Masu adawa suna cewa abin ya wuce gona da iri, ya zama sa wa baki takunkumi, har mutum na iya rasa aikinsa a kan kalma ɗaya da jiya kowa ke faɗa. Wani lokaci suna da gaskiya. Amma kada a ce mana tauna magana baƙuwar ɗabi'a ce. Al'ummar da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, wadda ke cewa mace na da juna biyu, mutum ya riga mu gidan gaskiya, ba ta buƙatar Bature ya koya mata sakaya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabin da ake ƙi. Abin da muke yi shi ne mu tanadi wannan ladabi don na gida, mu hana na waje.

Batun naƙasa ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne nake ganin mun ɗan ɓata hanya. Hausa tana da makaho, gurgu, kurma, bebe, kuturu, zabiya. Tana kuma da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sarautu na gaske masu mabiya, waɗanda ake samu har a zangunan Kudu, suna sasanta rigima, suna karɓar baƙo. Daga nan aka zo da naƙasassu, sai aka ce shi ma yana da kaushi, aka koma masu buƙata ta musamman. Yanzu da wuya a ji labarai a rediyo ba a ji wannan doguwar jimla ba.

Tambayar ita ce wa ya nema. Tibi da Bajju su suka tashi suka ce ga sunanmu. Wannan kuwa daga taron bita da takardun ƙungiyoyin agaji ta fito, aka fassara mana. Abin dariya, a daidai lokacin da muka rungume ta, masu fafutukar haƙƙin naƙasassu a duniya suna gudunta. Jagorar lafazi ta ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva ta sa ta cikin kalmomin da ya kamata a kauce musu, bisa hujjar cewa shiga makaranta da hawa mota da samun aiki buƙatun kowa ne, babu abin musamman a ciki. Ƙungiyar makafi ta Najeriya ba ta sauya sunanta ba, haka ta kurame. Kurame a Kano suna da maganar hannu tasu, suna taruwa su yi hira da ita, kuma da yawansu ba sa ɗaukar kurumta abin kunya da za a lulluɓe. Malaman hadisi ma sun san bambancin. Ana kiran Sulaimanu bn Mihran da Al-A'amash saboda raunin idonsa, ana kiran Abdurrahman bn Hurmuz da Al-A'araj saboda ɗingishi, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun halatta haka idan don a gane mutum ne, suka haramta idan don a ƙasƙanta shi ne.

Akwai kalmomin da lallai sun cancanci ritaya. Kuturu ta zama zagi har a karin magana, ga shi cutar tana warkewa da magani, wanda ya warke kuma ba ya yaɗa ta. Brazil ta cire tsohon sunan cutar daga takardun hukuma da doka a 1995. Mahaukaci ma haka, don tana hana mai ciwon damuwa zuwa asibiti. Kiran kurma bebe kuskure ne, tun da yawancinsu muryarsu lafiya lau. Amma makaho ya fi damuwa da gotar da aka bari a buɗe a kan hanyarsa fiye da abin da mai karanta labarai ya kira shi. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a watan Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ware kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. Wa'adin ya cika a 2024. Mai son ganin inda aka kwana ya duba matakalar masallacin Juma'ar unguwarsu, ko ya tsaya ƙarƙashin gadar Upper Iweka a Anaca ya ga su wa ke zaune a can da ƙoƙon bara. Gabas ma ta san wannan darasi da kanta: majalisar yankin ta soke tsarin wariyar asali na osu da doka tun 1956, amma har yau akwai gidajen da ke bincikar asali kafin su ba da aure.

Rigimar gaisuwar biki irin ta Amurka, inda wasu shaguna suka daina ambaton Kirsimeti suka koma yi wa kowa barka da hutu, ba ta kama ƙasa a nan ba. A Inugu maƙwabci Kirista yana cewa barka da Sallah ya karɓi naman layya, kuma bai taɓa jin an tauye shi ba. Malamanmu sun saɓa a kan mayar da gaisuwar a Kirsimeti, kowa da wanda yake bi. Abin da ba shi da saɓani shi ne kiran bikin sabuwar doya, ko bikin Ofala na Sarkin Anaca, da sunan bikin arna a gaban mutanen da mafi yawansu ke zuwa coci ranar Lahadi. Wannan rashin sani ne da rashin ta-ido a garin da ya ba mutum masauki.

Ranakun da ke da zafi a Gabas na siyasa ne. Gwamnati tana tuna mazan jiya ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙi ya ƙare a 1970, bayan ta ɗauke bikin daga 11 ga Nuwamba da ta gada daga Ingila. Mutanen Gabas da yawa kuwa 30 ga Mayu suke tunawa, ranar da Ojukwu ya ayyana Biyafara a 1967. Abin da littafin makaranta ke kira yaƙin basasa, su yaƙin Najeriya da Biyafara suke ce masa. Abin da dattawanmu ke kira Araba, su kisan kiyashi suke kiransa. Tun watan Agustan 2021, lokacin da ƙungiyar IPOB mai fafutukar Biyafara ta ƙaddamar da zaman gida na Litinin, ranar kanta ta samu sunaye biyu, wasu na cewa nuna goyon baya ga jagoranta Nnamdi Kanu, wasu na cewa tilas da bakin bindiga. 'Yan kasuwarmu na Anaca sun rufe shaguna tare da kowa, kuma a lokacin idan abokin ciniki ya tambaye su ra'ayinsu a kan ranar, yawancinsu sukan ce kawai Litinin ba kasuwa, a dawo Talata.