Dangin Shuwaka da Ke Tsirowa a Duwatsun Turai

Kafin gari ya waye tangaran, kasuwar Mile 12 da ke kan titin Ikorodu a Legas ta riga ta ɗauki harami. Tireloli sun sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da attaruhu daga Arewa, 'yan dako suna ta kutsawa cikin caɓi, dillalai suna ta ciniki da Hausa da Yarbanci a haɗe. A ɓangaren masu ganye kuwa, ga ɗaurin shuwaka, wadda Yarbawa ke kira ewuro, Ibo kuma onugbu. Ga latas ɗan Jos an yayyafa masa ruwa don kada ya yi yaushi. In dare ya yi, mai gadin rumfa zai kunna igiyar leko ya ajiye kusa da tabarmarsa saboda sauron Ikko ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa.

Shuwaka da latas da asalin maganin da ke cikin igiyar leko duk 'yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran gidan Asteraceae, kuma yana cikin mafiya girma a duniyar tsirrai masu fure, da nau'o'i sama da 30,000. Tazargade ɗan gidan ne. Kashin yawo ma, wanda ke maƙale wa akuya a gashi, ɗan gidan ne. Akwai kuma wani ɗan uwa na nesa da bai taɓa shiga Mile 12 ba, amma siffarsa tana bayyana tambarin zuriyar ƙarara, wato Tanacetum corymbosum.

Tsiro ne na daji da ke fitowa a tsakiya da kudancin Turai, har zuwa Turkiyya da tsaunukan Kokesas. Ba ya son fadama. Wurinsa shi ne gefen dazuzzuka marasa duhu da gangaren tsauni mai duwatsun farar ƙasa, inda rana ke duka kuma ruwa ba ya kwanciya. Karansa a miƙe yake, tsayinsa yakan kai mita ɗaya, ganyensa kuma a tsattsage gida-gida kamar gashin tsuntsu. Yana fure daga watan Yuni zuwa Agusta. Da hunturu ya shigo sai abin da ke sama ya bushe ƙurmus, mai wucewa ya ɗauka ya mutu, alhali saiwarsa tana kwance a ƙarƙashin ƙasa da ranta, tana jiran ɗumi ya dawo ta sake tofo. Haka yake yi shekara da shekaru ba tare da kowa ya sake shuka shi ba. Latas kuwa kaka ɗaya yake yi, ya yi iri ya mutu.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara yi masa rajista a 1753, amma a wata zuriya dabam. A 1844 wani Bajamushe, Schultz Bipontinus, ya mayar da shi zuriyar Tanacetum, inda yake har yau.

Kashi na biyu na sunansa daga tsarin furanninsa ya samo asali. Kusa da ƙololuwa, karan yakan rabu zuwa ƙananan rassa. Wanda ya fito daga ƙasa ya fi tsawo, wanda ya fito daga sama ya fi gajarta, sai duk kawunan su zo su daidaita a layi ɗaya, kamar an ɗora faifai a kan tsiron. Ga ƙudan zuma da ƙudaje da ƙananan ƙwari, wannan shimfiɗa ce mai sauƙin sauka, kuma ana hango farinta daga nesa.

Babban abin mamakin yana cikin kowane kai. Ido yana ganin fure ɗaya: fararen fukafukai a kewaye, rawaya a tsakiya. Amma wanda ya sa farce ya ɓare tsakiyar zai tarar ba fure ɗaya ba ne, taro ne. Kowane ɗigon rawaya cikakken fure ne mai siffar ɗan bututu, da sashen namiji da na mace, kuma kowanne iri ɗaya tak zai haifar. Kowane farin fiffike na gefe shi ma fure ne mai zaman kansa, aikinsa kiran ƙwari, tamkar yaran da ke tsayawa bakin rumfa suna jawo masu saye. Ba a rana ɗaya suke buɗewa ba. Na bakin da'ira ne ke farawa, a bi da bi har a kai cibiya, don haka kai ɗaya yakan ɗauki kwanaki yana karɓar baƙi. A ƙarƙashi kuma akwai korayen ɓawo jere a kan juna da suka tallafe taron kamar ɗan kwando.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga wannan. A bakin lambatu da gefen layin dogo a Agege akwai wata 'yar ciyawa mai dogon wuya da ɗan fure fari da rawaya, Tridax procumbens, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. A tsinko ɗaya a murza a tafin hannu, ƙananan furannin za su zube ɗai-ɗai. Shuwaka ma, in an bar ta ba a tsinke ta ba har rani, takan yi tarin fararen kawuna masu ƙamshi, sai dai nata ba su da fukafukan gefe, bututu ne zalla. Irinta yana da gashi da iska ke ɗauka. Irin ɗan Turan ba shi da wannan gashi, ɗan ƙaramin rawani kawai gare shi, shi ya sa ba ya nisa da gindin uwarsa.

Wani gadon gidan shi ne ɗaci. Duk matar da ta taɓa dafa wa mai jego miyar shuwaka ta san wahalar: a murza, a matse, kumfa ya tashi, a zubar da koren ruwa, a sake, sai an yi sau uku ko huɗu kafin ganyen ya ciwu. Tsiron yana haɗa wannan ɗacin ne don korar masu cin ganyensa. Latas ma da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, in ya tsufa ya fitar da kara, farin ruwan da ke cikinsa yakan yi ɗaci. Sinadaran duk daga rukuni ɗaya suke, kuma a rukunin ne aka samo atemisinin, wanda tawagar Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace daga wani nau'in tazargade a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Atemisinin ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yanzu. Wannan fa ba ya nufin jiƙon tazargade zai maye gurbinsu, domin ba wanda ya san adadin maganin da ke cikin kofin jiƙo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi a matsayin maganin zazzaɓin ba. A dazukan Mahale na Tanzaniya kuwa, masu bincike sun ga birai nau'in cimfanzi marasa lafiya suna ɓare reshen shuwaka suna tsotse ɗacin cikinsa.

Batun igiyar leko ya fi kusa da ɗan Turan, domin daga ɗan ɗakinsu ta fito, Tanacetum cinerariifolium, ɗan asalin gaɓar tekun Kuroshiya. Su biyun sun yi kama sosai, har an taɓa haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, Pyrethrum. Busassun kawunan furensa, in an niƙa, suna ɗauke da guba mai shanye jijiyoyin ƙwaro nan take, kuma rana tana lalata ta da wuri. Wani ɗan kasuwar Japan, Eiichiro Ueyama, ya fara yin sandunan turare da garin, amma suna saurin cinyewa. Matarsa Yuki ce ta ba da shawarar a naɗe sandar kamar gammo don ta daɗe tana ci, kuma a 1902 aka fara sayar da ita a wannan siffa. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara noman furen a tsaunukan Kenya masu sanyi, ƙasar ta daɗe tana kan gaba a duniya, masana'antar tacewa kuma tana garin Nakuru. Yanzu tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya shiga gaba.

Yawancin igiyar leko da ake sayarwa a shagunan Ketu da Agege a yau ba garin furen ne a ciki ba. Sinadari ne da aka kwaikwaya a masana'anta, irin su aletirin da aka fara haɗawa a 1949. Hayaƙinta yana korar sauro, amma a ɗakin da mutum shida suka kwana ƙofa a rufe, taga a toshe, ƙirjin yara da masu asma ne ke shan wahalarsa, don haka ma'aikatan lafiya suka fi ba da shawarar gidan sauro mai magani. Maganin da ke jikin gidan sauron shi ma kwaikwayon gubar wancan farin furen ne.