Katin Rigakafi Ba Laya Ba Ne

Wani maƙwabcina da ya biya kuɗin Umara ya zo majalisarmu bayan la'asar yana washe baki, ya zaro katin rigakafi daga aljihun gaba ya nuna mana. Sabo fil, ga hatimi, ga sa hannu, ga kwanan wata. Na tambaye shi a wane dantse aka yi masa allurar, sai ya kwashe da dariya. "Haba Malam, wace allura kuma? Ejan ne ya kawo min shi har gida." 'Yan majalisa suka shiga yaba wayonsa. Ni kuwa raina ɓaci ya yi, don na gaji da jin irin wannan.

Hujjar kullum ɗaya ce: "Ai ni lafiyata ƙalau, katin nan na wucewa filin jirgi ne kawai." To, bari mu tsaya a kan wannan lafiya ƙalau ɗin.

Ƙwayar sanƙarau tana iya zama a maƙogwaron mutum makonni, har watanni, shi ko ciwon kai bai yi ba. Yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, yana raba ta ga jama'a ta tari da atishawa da kwana ɗaki ɗaya. Mai ɗauke da ita daban, wanda za ta kayar daban. Yanzu ka tuna tantin Mina, katifa na gogar katifa, ko cunkoson ɗawafi inda numfashin na bayanka ke sauka a ƙeyarka. A Hajjin 2024 an haura mutum miliyan 1.8, daga kusan kowace ƙasa ta duniya, kuma cikin 'yan makonni kowa ya hau jirgi ya koma garinsu da abin da ya kwaso.

Saudiyya ba don neman kuɗin kowa ta kafa dokar yi wa maniyyata allurar sanƙarau ba, wuya ta sha. A 1987 sanƙarau ya ɓarke a aikin Hajji, daga nan aka wajabta allurar. A 2000 da 2001 wani nau'in da ake kira W135, wanda allurar wancan lokaci ba ta tare shi, ya sake ɓarkewa, ya bi alhazai har Ingila da Faransa. Cikin waɗanda ya kama akwai mata da 'ya'yan alhazai da ba su taɓa taka Jidda ba, a gida cutar ta iske su. Shi ya sa aka koma allura mai tare nau'i huɗu. A 2002 wannan nau'in ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso, nan kusa da mu.

Mu kanmu an taɓa rufe mana ƙofa. Manya ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, Saudiyya ta hana maniyyatanmu shiga. Mutane sun sayar da shanu da gonaki, sun ɗinka jaka, suka zauna a gida. Haka bayan an ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, an bi sawun ƙwayar da ta shanye ƙafafun yara a Yaman da Indonesiya a 2005, aka tarar asalinta daga wajenmu ne. Ɗigon da ake yi wa dattijo mai furfura a baki a filin jirgi, yana ta mita, ga mafarinsa nan.

Wani kuma tawakkali yake fakewa da shi, wai wanda ya je ɗakin Allah me zai same shi. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya juya da jama'arsa Madina. Wa zai ce ya fi shi tawakkali? Kuma ina tawakkali a fara ibada da takardar ƙarya?

Ba sanƙarau kaɗai ake tsoro ba: akwai shawara, akwai cutar numfashi ta raƙuma da aka gano a Saudiyya a 2012, ga korona da ta mai da Hajjin 2020 na 'yan tsirarun mazauna ƙasar.

Abin yi ba shi da wuya. Ka je da ƙafarka inda hukuma ta ware, a yi maka allurar sanƙarau kana gani, aƙalla kwana goma kafin tafiya, don jiki na buƙatar wannan lokacin kafin kariyar ta kama. Wadda aka yi ana gobe tashi ba ta gama aiki ba ka shiga taro. Ta shawara sau ɗaya ake yin ta, kuma tun 2016 katinta na har abada ne, don haka ka adana shi. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa wa likitan tantancewa gaskiya, ya tafi da maganin da zai ishe shi. A can, takunkumi a wurin cunkoso ba abin kunya ba ne. A wanke hannu da sabulu. Abincin da ya wuni a leda cikin zafin Mina a zubar da shi, ko da kuwa na sabil ne. Ranar aski kada ka miƙa kanka ga mai reza ɗaya a bakin titi, ciwon hanta ta nan yake bi. Nonon raƙumi ɗanye kuma a haƙura da shi.

Inda muka fi sakaci shi ne bayan dawowa. Alhaji ya sauka da tari, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana zagaya kofi ɗaya na zamzam, ana ɗora masa jarirai a cinya ya tofa musu addu'a, tarin ma a ce ai tsarabar Makka ce. Yawancinsa mura ce, tana wucewa. Amma in zazzaɓi mai zafi ya biyo, ko wuya ya sanƙare, ko numfashi ya yi wuya, gare shi ko ga wani a gidan, cikin mako biyun farko, a tafi asibiti a ranar, domin sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda. Kuma kafin likita ya tambaya, a gaya masa daga inda aka dawo da ranar da aka sauka. Da wannan kalma ɗaya jami'an lafiya ke gane inda za su bi su tare cutar.

Alhaji, Hajiya, in ejan ya kawo muku kati har gida, ku ce ya riƙe kayansa, ku je a yi muku allurar.