Windows ko Linux: Wace babbar manhaja ta dace da rumbun bayanan kasuwancinka?

A da, littafin bashi da na shige da ficen kaya su ne ran kanti. A yau, dila a Kantin Kwari, da mai shagon magani mai rassa uku, da ofishin biyan albashi, duk sun fara mayar da waɗannan littattafai cikin kwamfuta. Sunan wanda ake bi bashi, da adadin katan ɗin da ya rage a sito, da cinikin jiya, duk suna zaune ne a rumbun bayanai. Shi kuma rumbun yana kan wata kwamfuta guda da sauran kwamfutocin wurin ke ɗebo bayani daga gare ta, wadda masana ke kira uwar garke, wasu kuma su ce saba.

Kafin a ɗora rumbun, sai an sanya wa uwar garken babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Matsayinta kamar na harsashi ne ga gini: ba a ganinta, amma sauya ta bayan an yi nisa aiki ne mai tsada. Zaɓin da ya fi yawa guda biyu ne, Windows Server na kamfanin Microsoft, da Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, yanzu kuma yake da nau'o'i irin su Ubuntu da Debian da Red Hat. Babu wanda ya fi wani a kowane hali. Amsar tambayoyi huɗu ce ke nuna wanda ya dace da kai.

Wace manhaja za ka yi aiki da ita?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zaɓen babbar manhaja, sannan a nemi abin da za a ɗora mata. Daidai shi ne a fara da manhajar da akawu da mai kula da sito za su riƙa buɗewa kullum. Manhajojin lissafi irin su Sage 50 da Tally an gina su ne don Windows, saboda haka wanda ya dogara da su zaɓinsa ya riga ya taƙaita. Odoo kuwa yana aiki ne da rumbun PostgreSQL, ERPNext kuma galibi da MariaDB, kuma dukkansu an fi girka su a kan Linux.

Rumbun SQL Server na Microsoft ya daɗe a ɗaure da Windows, amma tun daga fitowar ta 2017 ana iya girka shi a kan wasu nau'o'in Linux. Duk da haka, kada ka yanke hukunci da kanka. Ka nemi wanda ya sayar maka da manhajar ya rubuta maka tsarin da ya amince da shi. Idan ka kauce wa abin da ya rubuta, ranar da matsala ta taso zai iya cewa ba ruwansa.

Nawa za ka kashe, yau da gobe?

Windows Server sayensa ake yi. Ana lissafa kuɗinsa bisa yawan ƙwayoyin sarrafa aiki da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, kuma mafi ƙarancin abin da za a sayar maka shi ne lasisin ƙwaya 16 a fitowarsa ta Standard, ko da na'urarka ba ta kai haka ba. Bayan wannan, kowane ma'aikaci ko kowace na'ura da za ta shiga uwar garken na buƙatar nata lasisin. Shi ma SQL Server kuɗinsa daban. Akwai na kyauta mai suna Express, sai dai a fitowar 2019 da ta 2022 girman rumbu ba ya wuce gigabait 10. Ya ishi ƙaramin shago, amma babban dila zai iya cika shi.

Farashin waɗannan lasisi yana bin dala. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 zuwa sama da Naira 1,500 a 2024, ya san abin da hakan ke nufi. Wannan ne ke tura wasu ga kwafin jabu, alhali wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: sau da yawa irin wannan kwafi yakan zo da muguwar manhaja a ɓoye, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara.

Ubuntu da Debian kyauta ake sauke su, haka PostgreSQL da MariaDB. Red Hat kuwa kuɗin rajista ake biya duk shekara, domin samun gyare-gyare da taimakon kamfanin. Amma rashin kuɗin lasisi ba ya nufin rashin kashe kuɗi. Abin da ba ka biya kamfani ba, za ka biya ƙwararren da zai girka ya kuma kula.

Wa zai kula da ita?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita aka fi mantawa. Windows Server ya yi kama da Windows ɗin da aka saba gani a ofis, don haka ba a cika shan wahalar samun mai gyaransa ba. Uwar garken Linux kuwa galibi da rubutaccen umarni ake sarrafa ta, babu hotunan latsawa. A hannun wanda ya iya, takan daɗe tana aiki ba tangarɗa, kuma ba ta cin ƙarfin na'ura sosai. A hannun wanda bai iya ba, umarni guda na iya share aikin shekara.

Ka tambayi kanka: idan yaron da ya girka mini ita ya samu aiki a Abuja ko Legas, wa zan kira ranar Asabar da rana, masu saye na tsaye? Idan mutum ɗaya ne kaɗai ya san kalmar sirri da yadda aka tsara komai, to kasuwancinka na aljihunsa. Ka sa a rubuta kalmomin sirri da bayanin tsarin, ka adana su inda kake adana takardun fili.

Yaushe tallafinta zai ƙare?

Kowace babbar manhaja na da ranar da masu ita za su daina aiko mata da gyaran tsaro. Tallafin Windows Server 2012 ya ƙare a watan Oktoban 2023, na 2016 zai ƙare a Janairun 2027, na 2019 a Janairun 2029, na 2022 kuma a Oktoban 2031. Ubuntu na fitar da nau'i mai dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar kyauta, wato na 24.04 zai kai 2029. Su ma masu Linux sun taɓa ganin ba-zata: a Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wanda aka sa ran zai kai 2029, zai tsaya a ƙarshen 2021, lamarin da ya tilasta wa da yawa yin ƙaura zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux.

Sakaci da gyaran tsaro na da tsada. A watan Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin gwamnati a Birtaniya, tana neman kuɗin fansa, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Ga kuma doka: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Abin da babu manhajar da za ta yi maka

Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da rumbu ke rubuta bayani na iya lalata shi, ko a kan Windows yake ko a kan Linux. Batirin ko-ta-kwana da inbata wajibi ne, ba ado ba. Haka kwafin ajiya: a riƙa ɗauka kullum, a ajiye ɗaya a wajen shagon saboda gobara ko sata, sannan lokaci zuwa lokaci a gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, idan mai girka maka na'ura ya kawo takardar farashi, kada idonka ya tsaya kan jimillar kuɗin da ke ƙasa. Ka nemi ya rubuta sunan babbar manhajar da shekarar fitowarta, da ranar ƙarewar tallafinta, da shaidar lasisi idan na saye ne, da sunan wani ƙwararren da zai iya karɓar aikin idan shi ba ya nan. Idan ya kasa cike waɗannan gurabe huɗu, ka dakata da biya.