Silikon a Cikin Man Shafawa: Abin Tsoro Ne?

Uwargida, ɗauko kwalbar man shafawarki ko ta man gashi, ki duba ƙananan rubutun da ke bayanta. Da wuya ki rasa sunan dimethicone. Shi ne irin silikon da aka fi sawa, asalinsa kuwa daga yashi ne. Shi ke sa mai ya yi santsi, hoda kuma ta zauna a fuska ko ana gumi.

Waɗansu mata suna tsoro, wai yana shiga jini. Ba haka ba ne. Ƙwayoyinsa sun yi girma, ba su ratsa fata. A bisa yake kwanciya ya hana ta bushewa, abin da kowa ke nema da hunturu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da shi, har cikin man da ake shafa wa jarirai saboda ƙurajen nafkin. Sai dai a wanke fuska da sabulu kafin a kwanta, gama ruwa kaɗai ba ya fid da shi.

Amma silikon iri iri ne. A 2019 Tarayyar Turai ta hana sa wanda ake kira D4 cikin kayan kwalliya, domin ana zargin yana taɓa haihuwa. Daga 2020 kuma ta ƙayyade D5 cikin sabulun wanka da shamfu, kada ya kai kashi 0.1 cikin ɗari. Dalilin wannan kuwa koguna ne: ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a jikin kifi.

Abin da ya fi damun likitoci a kasuwanninmu shi ne man bilicin mai mekuri, wanda ke lalata ƙoda. Shi kuwa sau da yawa ba a rubuta sunansa a kwalba.