Kaska da Bairos: Abin da Ke Nakasa Fukafukin Ƙudan Zuma

Duk mai amya a bayan garin Karshi ya san dalilan da ake bayarwa idan zuma ta watse: gobarar daji, kwarkwasa, feshin maganin ƙwari, ko ɓarawon da ya zo da wuta cikin dare. Da wuya ka ji an ce ciwo ne ya kama su. Alhali ƙudan zuma na ciwo kamar kowace halitta, kuma masana sun gano nau'o'in ƙwayar bairos fiye da 20 da ke kama shi. Idan mai kiwo ya tarar da wasu ƙudaje suna rarrafe a bakin amya, fukafukansu a yamutse, cikinsu ya gajarce, ba sa iya tashi, to ya ga aikin wanda ya fi kowanne ɓarna a duniya, wato bairos mai nakasa fiffike, wanda masana ke kira DWV a taƙaice.

A Ingila binciken bairos ɗin ƙudan zuma ya kankama. A shekarar 1963, Leslie Bailey da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Rothamsted suka ware bairos guda biyu masu shanye jikin ƙudan zuma. Ɗaya daga ciki ya ba su mamaki, domin sun same shi a jikin ƙudaje masu ƙoshin lafiya, yana zaune bai yi musu komai ba. In an zuba shi cikin abinci, sai ƙudan ya haɗiyi biliyoyin ƙwayoyi kafin ya kwanta. In kuwa da allura aka shigar da shi jiki, kimanin ƙwaya 100 sun isa su kashe shi cikin 'yan kwanaki. A lokacin abin bai tayar wa kowa hankali ba, don wa zai bi ƙudan zuma cikin daji ya yi masa allura?

Ashe akwai mai yi. Wata 'yar kaska ce ja mai suna Varroa, wadda faɗinta bai kai milimita biyu ba. Asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya take, sai ta tsallako kan irin wanda ake kiwo a Turai da Afirka. Macen takan shige ramin saƙa gab da ma'aikatan amya su rufe shi da kaki, ta huda fatar ɗan da ke girma a ciki, ta yi ƙwai, ita da 'ya'yanta su riƙa ci ta wannan huda. An daɗe ana ɗauka jini take sha, har 2019 da Samuel Ramsey na Jami'ar Maryland a Amurka ya nuna kitse take ci, wani kitse da ke yi wa ƙudan aikin da hanta ke yi wa mutum, har da kare shi daga cuta. Ga rauni, ga kuma bairos da take ɗaukowa daga wani ta zuba wa wani, tamkar allura ɗaya da aka yi wa mutanen gari duka.

Wannan hudar ce masu bincike ke kwaikwayo a ɗakin gwaje-gwaje. Su buɗe saƙa, su zaro 'ya'yan da idanunsu ke fari tukuna, su yi wa wasu allurar bairos, wasu kuma ruwan gishiri kawai don a sami abin kwatantawa. Sai a sa su cikin na'urar ɗumi a kan digiri 34 zuwa 35, daidai da ɗumin tsakiyar amya, a jira su ƙarasa girma. Daga nan a niƙa jikinsu, a ƙirga yawan bairos da gwajin PCR, irin wanda muka sani lokacin korona. Aiki ne na haƙuri, domin ɗan zuma a wannan mataki taushi gare shi, hannu ya ɗan karkace ya mutu.

Tsibiran Hawayi sun nuna yadda abin yake a fili. Kaskar ta shiga tsibirin Oahu a 2007, wasu tsibiran kuma ba ta kai su ba tukuna, sai Stephen Martin da tawagarsa suka kwatanta. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa inda kaskar ta kafu, amyoyin da ke ɗauke da DWV sun tashi daga kimanin kashi 10 cikin 100 zuwa dukkansu, yawansa a jikin ƙudan kuma ya ninka sau miliyan. A 2013 masana a Italiya suka ƙara wani abu da ya shafi manomanmu kai tsaye: maganin ƙwari mai suna clothianidin, ko da bai kai ya kashe ƙudan ba, yana raunana garkuwar jikinsa, bairos ya sami damar hayayyafa. Mai fesa wake yana cikin fure da rana tsaka ya kamata ya san wannan.

To ina muka tsaya? An ga kaskar a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, sannan a 2012 K. L. Akinwande da abokan bincikensa suka ba da rahoton samunta a kudu maso yammacin Najeriya. Amma ƙudan zumanmu bai faɗi kamar na Turai ba. Binciken da Elliud Muli ya jagoranta a Kenya, wanda ya fito a 2014, ya tarar da kaskar da bairos iri uku, har da DWV, amma amyoyin na nan da ƙarfinsu, har masu binciken suka ba da shawarar kada a fara zuba musu maganin kaska. Halayen ƙudan zumanmu, har da waɗanda masu kiwo ke kuka da su, su ne ke taimakonsa. Yana yawan rabuwa, yana ƙaura in ya ji matsi, yana tono 'ya'yan da suka kamu ya fitar waje, kuma 'ya'yansa na saurin fitowa daga rami fiye da na Turai, kaskar ba ta samun isasshen lokacin haihuwa.

Wannan juriya dukiya ce, kuma a ganina hannun mutum ne ya fi yi mata barazana. Lena Wilfert ta Jami'ar Exeter ta bi asalin DWV a 2016, ta gano cinikin ƙudan zuma tsakanin ƙasashe ne ya yaɗa shi a duniya. Tun da Abuja ta karɓi baje kolin kiwon zuma na ApiExpo Africa a 2018, sha'awar kiwon zamani ta ƙaru, abin farin ciki ne. Sai dai duk wanda ya ɗauko sarauniyar zuma daga waje don an ce ba ta da faɗa, yana iya shigo da irin bairos da namu ba su taɓa karo da shi ba.

Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta buɗe ɗakin gwajin lafiyar ƙudan zuma na Afirka tun 2014. Mu ma muna da Jami'ar Abuja, da cibiyar kimiyya ta Sheda, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Ya dace masananmu su shigo ƙauyukan Karshi su ɗibi samfur daga amyoyin gargajiya da na akwati, a ajiye bayanin shekara bayan shekara. Kai kuma mai amya, ka riƙe irin zumar da ka gada, ka roƙi maƙwabcinka ya bar feshi sai yamma, kuma in ka ga masu yamutsattsen fiffike, ka tattara su da ransu ka kai wa likitan dabbobi ko malamin gona ba tare da jinkiri ba.