Shin Sai da Ƙarin Furotin Siririn Saurayi Zai Yi Ƙwanji?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa da kaka, a Anka ko Gummi ko wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, ya san yadda samari ke zuba wa ɗan kokawa ido idan ya tuɓe riga. A bayan fage kuwa ba a rasa wani siririn yaro ɗan makarantar sakandare da ke shafa damtsensa yana tambayar kansa me ya hana nasa cika. A da, amsar da akan ba shi ita ce ya ƙara loma. Yanzu wayar hannu ta shigo da wata amsar: wai sai ya sayi garin furotin na gwangwani, irin wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha a Turai da Amurka. To, mai karatu, bari mu auna wannan magana da ma'aunin kimiyya, domin kuɗin gwangwani guda kan kai na tiyoyin wake da yawa.

Furotin shi ne sinadarin da muka fi sani da abinci mai gina jiki. Sunan ya fara bayyana a 1838 a rubuce-rubucen wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Gerrit Mulder, kuma asalinsa kalmar Girkanci ce mai ma'anar "na farko". An gina furotin ne da ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20. Jikin ɗan Adam na iya ƙera 11 da kansa, amma sauran 9 dole a same su daga abinci. Idan mutum ya ci wake ko nama, ciki da hanji suna warware furotin ɗin zuwa waɗannan tubala, jini ya kwashe su, jiki ya sake jera su yadda yake bukata: wasu su zama tsoka, wasu fata da gashi, wasu sinadaran narkar da abinci ko na kare jiki daga cuta.

An daɗe ana zaton cewa furotin shi ne makamashin da tsoka ke ƙonawa lokacin aiki. Mashahurin masanin nan na Jamus, Justus von Liebig, haka ya koyar a wajajen 1842, kuma saboda girmansa ba a yi saurin musa masa ba. Sai a 1865 wasu malaman jami'a biyu na birnin Zurich, Adolf Fick da Johannes Wislicenus, suka hau dutsen Faulhorn a ƙasar Siwizalan bayan sun ƙaurace wa abinci mai furotin. Suka riƙa tara fitsarinsu suna auna sinadarin naitirojin da ke ciki, wanda shi ke nuna yawan furotin da jiki ya ƙone. Lissafi ya nuna abin da suka ƙone bai isa ya ɗauke su zuwa ƙwanƙolin dutsen ba. Ashe sitaci da mai su ne itacen murhu, furotin kuwa tubalin gini ne. Wannan bambanci shi ne gishirin maganarmu.

Tsoka ba ta girma don kawai an tara mata tubali. Magini ne ke ɗora bulo, kuma maginin a nan shi ne aikin ƙarfi. Idan aka ɗora wa tsoka nauyin da ya ɗara wanda ta saba, zarurrukanta kan sami saƙon su ƙara kauri, ginin kuma yakan ci gaba har kwana ɗaya ko biyu bayan an gama motsa jikin, musamman idan an sami barci isasshe. Wanda ya sha furotin ya kwanta a kan tabarma bai ba jikinsa dalilin gina komai ba. Rarar da ta shiga, hanta za ta cire mata naitirojin, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari, sauran a ƙone shi ko a adana shi a matsayin kitse.

Nawa ne jiki ke bukata? Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona, na 2007, ya ƙayyade giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyin baligi a kullum, matashi mai tasowa kuma ɗan sama da haka kaɗan. Mai motsa jiki da nauyi yana amfana da fiye da wannan. A 2018 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin masana na Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 49 da suka shafi mutum 1,863 masu ɗaga nauyi. Sun gano cewa ƙarin furotin na taimakawa, amma ribar da ya ƙara a kan abin da motsa jiki kaɗai ya samar ba ta wuce kimanin giram 300 na tsokar jiki ba a tsawon makonnin gwajin. Sun kuma lura cewa da zarar an kai kusan giram 1.6 a kan kowane kilo, ƙari a kan haka ba ya ƙara wani abin a-zo-a-gani.

Bari mu sauko da lissafin nan gida. A ce saurayi nauyinsa kilo 50 ne. Idan muka ba shi ma'auni mafi girma, wato 1.6, yana bukatar giram 80 a rana. Garin gero ko na dawa giram 300, wanda ke cikin koko da fura da tuwon yini guda, yana ɗauke da kusan giram 30. Busasshen wake giram 100, ko an yi ƙosai da shi ko alala ko garau-garau, yana ba da wajen 23. Ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu, kamar giram 30, zai ƙara 12 ko fiye, domin an matse man gyadar an bar furotin. Nono rabin lita, idan mai tallar ba ta cika masa ruwa ba, yana da kimanin 16. An haura 80 ke nan, ba a ambaci nama ba, ba a ambaci ƙwai ba, wanda kowane ɗaya ke da giram 6, balle awara, da daddawar miya, da fara, da busasshen kifin gulbin Zamfara da mutanen Gummi suka sani.

Akwai wata hikima a cimarmu da ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai. Gero da dawa suna da ƙarancin amino asid ɗin da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Shi kuma wake yana da ƙarancin mesayonin, wanda hatsi ke da shi. Saboda haka ƙosai da koko, ko dambu da wake, ko fura da nono, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Ba lallai ne a ci su a kwano ɗaya ba, muddin sun shiga ciki a yini guda.

Inda matsalar siririn yaro ta fi yawan kasancewa shi ne yawan abincin gaba ɗaya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da ya fita makaranta ba kalaci, ya dawo ya wuce gona ko ɗibar ruwa, jikinsa zai ƙone duk abin da ya samu don ya ɗauke shi zuwa dare, har da furotin ɗin da ya kamata ya tafi gini. Irin wannan yaro ƙarin ƙwaryar fura da gyaɗa zai fi yi masa amfani fiye da cokalin garin gwangwani. Ni a ganina, wannan ce amsar mafi yawan masu tambayar. Kuma ba za mu rufe ido ba ga halin da yankin ke ciki: rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu a shekarun nan, kuma akwai gidajen da ƙara loma ba abu ne mai sauƙi ba. A irin waɗannan gidaje, ƙwai guda da aka samu ya fi cancanta ga yaron da aka yaye da mai juna biyu, domin su tamowa ke fara kamawa.

Haka kuma a tuna cewa jiki yana da nasa jadawalin. A lokacin balaga ƙashi ne ke fara miƙewa, tsoka ta biyo baya, shi ya sa yaro ɗan shekara 14 ko 15 kan yi tsawo kamar karan dawa kafin kafaɗunsa su buɗe. Faɗin ƙashi da tsarin jiki kuma gado ne. Wani duk ƙoƙarinsa ba zai yi jikin ɗan dambe ba, amma zai ƙara ƙarfi sosai. Sai dai idan rama ce ke ƙaruwa alhali ana cin abinci, wannan maganar asibiti ce. Tsutsar ciki, tsargiya, zazzaɓin cizon sauro mai dawowa, tarin fuka, ciwon sukari da sikila duk suna hana jiki riƙe nama.

Game da garin gwangwani kuwa, mafi yawansa daga ruwan madara ake tace shi, wani kuma daga waken suya ko makamantansa. Abinci ne da aka busar, ba magani ba, kuma tubalansa ba su bambanta da na nono da awara ba. Amma akwai abin da ya kamata ɗan Anka da Bukkuyum ya ji da kunnen basira. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. A watan Oktoba na 2025, ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta auna irin waɗannan kayan furotin guda 23, ta sami dalma a fiye da kashi biyu cikin uku da ta haura iyakar da ƙwararrunta suka gindaya wa yini guda. Gaskiya ne adadin ƙanƙane ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ya faru a Zamfara. Amma dalma taruwa take yi a ƙashi shekara da shekaru, kuma matashin da aka haifa a waɗancan ƙauyuka a wancan lokaci, wanda yanzu ya kai shekarun sakandare, ba shi da wurin ajiye ƙari.

Mafi haɗari ma su ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu suna ɗauke da deksametason, maganin da likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka na daban. Yana kumbura fuska, ya tara ruwa da kitse a ciki, alhali yana cinye tsokar hannu da cinya. Yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya daina rana ɗaya, domin hakan ma na iya kayar da shi. Ya je wurin likita a rage masa a hankali.

Kayan motsa jikin ba su bukatar kuɗi. Danna ƙasa da hannuwa, tsuguno da miƙewa, jan jiki sama a reshen darbejiya mai ƙwari, da ɗaga jarkar ruwa mai lita 10 ko 20, sun isa mafari. Kwana uku a mako ya wadatar, tare da hutun kwana guda a tsakani, ana ƙara nauyi ko yawan maimaitawa kaɗan-kaɗan. A makonnin farko ƙarfi ne zai ƙaru ba kauri ba, saboda jijiyoyi ne ke koyon sarrafa tsokar da ake da ita. Kaurin yakan fara bayyana bayan wata biyu ko uku. Malamin kimiyya na iya mayar da wannan darasin aji: a auna nauyin ɗalibai da kewayen damtsensu da awon tela a farkon zango, kowa ya rubuta abin da ya ci na mako guda ya lissafa furotin ɗinsa, sannan a sake awo ranar da za a ba da hutu.